Mai jera jarkoki: nazarin rayuwar wani ɗan fari mai otizim a Damagaram

Yana da shekara bakwai aka kawo shi ajina. Ajin CI ne, ajin farko na lakwal, rumfar zana, yara sun haura tamanin, kowa da allonsa a cinya. Kakarsa ce ta riƙo hannunsa har bakin rumfar, ta ce, "Madam, ga maigidana nan. Ba shi da faɗa, amma sai kin yi haƙuri da shi." Na ce to, Inna, kamar yadda nake ce wa kowace kaka. Kafin a fita shan iska ya sulale waje, ya tattara takalman yara duka, ya jera su jikin zana daga ƙarami zuwa babba. Da aka buga ƙarfe yara suka yi rububi, kowa ya warci nasa, jerin ya watse. Sai ya zube ƙasa, ya toshe kunnuwa da tafin hannu, yana ihu yana buga goshi da ƙasa. Na ɗauki tsumagiya. Abin da na sani ke nan a lokacin. Bayan wata uku ni da darakta muka ce wa kakar ta koma da shi gida sai ya ƙara wayo, bai kuma sake taka lakwal ba.

Yanzu shekararsa ashirin. Ni kuma na bar alli, kuma unguwarmu ɗaya da su. Kusan shekara biyu na yi ina shiga gidan, ina zama da uwar, da kakar, da ƙanwarsa, wani lokaci da uban a zaure, da malamin allonsa, da shi kansa. Sun yarda in rubuta, da sharaɗin ba suna, ba unguwa. Sharaɗin bai yi mini wuya ba, don ko a gidan ma ba mai kiran sunansa. Abin da ke gare shi sunansa otizim, wani yanayi ne na ginin ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Ni ba likita ba ce. Abin da na bi diddigi shi ne yadda ya rayu da mutane da yadda mutane suka rayu da shi.

Gidan

Gidan gandu ne. Kakar ce babba tun rasuwar mijinta, sai ƴaƴanta maza uku da matansu. Uban yaron ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, yana zuwa Kano saro kaya. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan kakansa aka sa masa, don haka sunan ya haramta ta fuska biyu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, surukai ba su faɗin sunan suruki. Kakar na ce masa Maigida, baffanninsa na ce masa Baba, uwar kuwa "kai" ko "yaron nan".

Uwar ce ta fara lura, tun yana goye. Ba ya jan ɗankunnenta, ba ya miƙo hannu a ɗauke shi, in ta yi masa wasa a ɗaka inda ba mai gani sai ya kafa wa hasken da ke shigowa ta taga ido. Ba ta faɗa wa kowa ba. "Madam, da wane baki?" in ji ta. "In ce na ƙura wa ɗan fari ido har na ga abin da ba daidai ba? Ai sai a ce ba ni da ta-ido." Ta kai shi awo da rigakafi ba fashi, tunda tun 2006 aka mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a Nijar. Ana ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa da zaren awon tamowa, a yaba mata, don ɓulɓul yake. Da aka yaye shi ya koma ɗakin kakar, kamar yadda aka saba.

Ya shekara uku bai ce uffan ba. Aka ce gado ne, ubansa ma ya yi nauyin baki. Sai aka fara zargin kurumta, amma wannan bai yi nisa ba, domin tun babur ɗin ƙaramin baffansa na kan kwana, kafin kowa ya ji, yaron ya riga ya tsaya a zaure. Aka ce ashe ji yake, kunnen ƙashi ne.

Daga nan sunaye suka yi ta zuwa, kowanne da maganinsa, da kuɗinsa, da wanda za a ɗora wa laifi. Da aka ce iska ce, sai aka tuna uwar ta taɓa yin wanka da almuru tana da ciki. Da aka ce sammu ne, dangin uwar suka nuna faccalarta, matan biyu suka yi shekara huɗu ba su ga maciji, alhali madafinsu ɗaya. An sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaki, rago ya tafi, kwanukan jeren uwar suka bi baya. An kai shi rukiyya sau biyu. Ni ba na jayayya da addu'a, har gobe ina yi masa. Amma ɗaki ne rufe, ƙarti biyu sun danne shi, ana ɗaga murya a cikin kunnen yaron da ƙarar ƙarfen lakwal ke kayar da shi. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, aka ce aljanin ne ke ƙonewa. Akwai kuma wanda ya zo har gida ya ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin tafki da dare a juya baya, zai koma wurin nasu. Kakar ta bi shi da muciya har waje. A ganina wannan muciyar ita ce babban maganin da aka taɓa yi masa a shekarun nan.

Ranar da aka sa wa abin suna

Yana da shekara tara ya faɗi yana jijjiga, ba zazzaɓi. Aka garzaya likita. Likitan yaran da ya duba shi ya ce farfaɗiya ce, ya rubuta magani, kuma maganin ya yi aiki. Amma yana rubutun yana kallon yaron, wanda ya tsaya ƙarƙashin fanka yana kaɗa yatsu a gaban idonsa. Sai ya ajiye biro ya fara tambaya.

"Yana amsa sunansa?" Uwar ta sunkuyar da kai. Kakar ta ce, "Wane daga ciki?"

"Yana kallon ki cikin ido in kina yi masa magana?" Kakar ta ce, "Allah ya kiyaye, ɗana. Ai yaro ne mai tarbiyya."

Likitan Bahaushe ne, ya yi dariya ya sake salo. Ya taɓa kawo miki wani abu don kawai ki gani, ba don ki buɗe masa ba? In jirgi ya wuce, yana nunawa da yatsa ya waiwayo ya ga ko kin gani? Yana yin motar kara ya ce shi direba ne? In an sauya masa wurin kwana fa? A nan uwar ta buɗe baki, karo na farko a gaban surukarta, ta zayyano abin da ta shekara tara tana haɗiyewa. Likitan ya rubuta kalma ɗaya da Faransanci, wadda muke furtawa otizim. Ya ce ba iska ba ce, ba laifin uwa ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu, kuma ba allura ko ƙwayar da ke cire shi. Da aka kai wa uban labari ya ce, "To mene ne amfanin sunan, in ba magani?"

Tambayoyin farko biyu da suka ci tura suna cikin tambayoyi 20 na wata takardar tantance yara ƴan wata 16 zuwa 30 da aka tsara a Amurka, ake kuma amfani da ita a ƙasashe da yawa. A can, yaron da ba ya haɗa ido da babba abin damuwa ne. A nan shi ake nuna wa sauran yara a ce su yi koyi. Ita kanta alamar tana nan, sai dai al'adarmu ta lulluɓe ta da mayafin ladabi, kuma sai mai tambayar da ya san gida zai iya ɗaga mayafin.

Wani likita mai suna Leo Kanner ya bayyana yanayin a rubuce a 1943, a birnin Baltimo na Amurka, bayan ya nazarci yara 11. A 1944 Hans Asperger ya bayyana wasu yaran a Biyana ta ƙasar Ostiriya, masu magana sosai amma mu'amala na ba su wuya. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi ya haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, domin abu ne mai faɗi: akwai wanda ba zai taɓa magana ba, akwai malamin jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100, kuma an fi gano shi a maza. Farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara, shi ya sa na wannan gida ya faɗo hannun likita ta wannan ƙofa. A rediyo ana ce masa galahanga, amma ni ina kaffa-kaffa da kalmar, don a bakin mutane ta haɗa yaron da wuyansa bai tsaya ba, da mai jinkirin fahimta, da irin wannan da ke gudu kamar barewa yana haddace duk abin da ya ji.

Game da sanadi, wani babban bincike na 2019 da ya duba mutum fiye da miliyan 2 a ƙasashe biyar ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin daga gado yake. Babban baffan yaron ya so ya ɗora wa allurar rigakafi. Wannan zance daga wata takarda ya samo asali da aka buga a Ingila a 1998, aka janye ta a 2010 bayan an gano maguɗi a cikinta, aka kuma hana mai ita aikin likita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Turawa ma sun yi shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo shi, kafin bincike kan tagwaye a 1977 ya fara rushe zancen. Da na gaya wa uwar haka ta yi shiru, can ta ce ita ma ta daɗe tana zaton kunyar da ta yi masa ce ta mai da shi haka.

Amfanin sunan, in zan ba uban amsa yau, shi ne daga ranar aka daina sayar da kaya, faccaloli biyu kuma suka koma gaisawa.

Abin da aka bincika da abin da aka bari

Wanda ya je neman abin da aka rubuta kan irin waɗannan yara a Afirka zai dawo da ɗan kaɗan. A wani bincike da aka buga a 1978, wani masani mai suna Victor Lotter, wanda ya zagaya wasu ƙasashen nahiyar, har da Najeriya, ya tabbatar akwai su, a lokacin da wasu ke cewa ciwon Turawa ne. A 2017 wasu masana suka tattara duk binciken da aka buga kan ƙasashen kudu da Sahara, suka samu 53 kacal, mafi yawansu daga Afirka ta Kudu da Najeriya. Wani bincike na 2015 a gaɓar tekun Kenya ya ji daga bakin iyaye irin abin da na ji a wannan gida: aljanu, maita, baki. Ko a Ingila, inda ake da kuɗin bincike, wani rahoto na 2013 ya nuna fiye da rabin kuɗin na tafiya ne ga nazarin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin halitta, alhali masu otizim ɗin da iyayensu, da aka tambaye su, cewa suka yi a binciki yadda za su yi karatu, su samu aiki, su zauna da mutane. Tambayar uban ce dai, da wani harshe.

Makarantar allo

Inda lakwal ta kasa, makarantar allo ta riƙe shi shekara takwas. Na daɗe ina tunanin dalili, don abin ya taɓa ni. A wurin malam kowa na rangaji yana karatu, don haka rangajinsa bai zama abin kallo ba. Maimaitawa ita ce karatun, shi kuwa maimaitawa ce hanyarsa. Kowa da allonsa, ba a jiran kowa, ba a korar kowa don aji ya wuce shi. Jerin surori ba ya sauyawa. Hayaniya ce kawai matsala, malam kuma ya gane da kansa, ya zaunar da shi a bakin zaure, ya fi ba shi ƙari da asuba kafin yara su cika. Malam bai taɓa jin kalmar otizim ba sai a bakina. Ya ce shi dai ya ga in an matsa masa ba ya ɗauka, in an ƙyale shi yana ɗauka.

Maganarsa ta fari, yana da shekara biyar, sanarwar rasuwa ce da ya ji a rediyon kakarsa, daga sallama har "za a yi jana'iza da ƙarfe huɗu", da muryar mai sanarwar. Gida ya tsorata, aka ce mugun fata ne. Daga baya ƙanwarsa, wadda ya ba shekara biyu, ta gano cewa da maganar aro yake biyan buƙata. In ya gaji da zama da baƙi sai ya ce, "Jama'a, sai mun haɗu a shiri na gaba." In yana jin ƙishirwa sai ya ce, "Maigida, za ka sha ruwa?" da muryar kakar. Masana sun san wannan, kuma sun daina ɗaukarsa surutun banza. A gidan nan yarinya ƴar shekara shida ce ta fassara shi.

Da haddarsa ta yi nisa sai unguwa ta juya. Waɗanda suka ce ɗan ruwa ne suka koma cewa bawan Allah ne, mata na aiko da sadaka a ce ya yi musu addu'a, wata har shafa kansa take ta shafa a cikinta. Ya tsani a taɓa masa kai. Kakar ta ji daɗin wannan daraja, ni kuwa ban ga bambancinta da ta farko ba sosai, don a duka biyun ba wanda ya tambaye shi.

Gaisuwa

A Damagaram mutum na iya yafe maka bashi, amma da wuya ya yafe maka wucewa ba gaisuwa. Nan ne ya fi shan wahala. An koya masa gaisuwa ya haddace, amma yana amsa ta ne da gaskiya. "Ina kwana?" Sai ya ce, "A ɗakin Inna." "Ina gajiya?" Sai ya ce, "Akwai." Habaici ba ya kama shi, zaurance ba ya isa gare shi, wasan taubasai kuwa azaba ne. Ranar da kakar ta ce masa cikin raha ta fasa auren, ta samu wani mijin mai kuɗi, kwana uku ya yi yana kuka yana riƙe da zanenta. Tun ranar ta bar wasan jika da shi, abin da ta ce ya fi komai yi mata ciwo.

An daɗe ana rubuta cewa masu otizim ba su iya karanta zuciyar mutane. A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya ce rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda suke kasa karanta mu, haka muke kasa karanta su, sai dai mu ne masu yawa, don haka laifin ya zama nasu. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara suka gwada zancen da mutum 72. Aka jera su takwas-takwas, a ba na farko labari ya gaya wa na biyu, har ya kai na ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya isar da labarin daidai da layin marasa shi zalla. Layin da aka gauraya ne labarin ya fi zubewa a hanya. Na ga wannan da idona. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin hanya, mutum ne da unguwa ke ce wa miskili. Su biyun sukan yi awa biyu a benci ɗaya, ba gaisuwa, ba kallon juna, wannan na miƙa wa wancan sukurudireba kafin ya nema. Ban ce dattijon na da wani abu ba, ba aikina ba ne. Na dai ce ban taɓa ganin yaron cikin natsuwa irin ta wannan benci ba.

Daren tafki

Yana da shekara goma sha ɗaya aka yi biki a gidan, da damina, aka kafa manyan lasifikoki a tsakar gida. Bayan magariba aka duba ba ya nan. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da damina ke bari: tafkuna cike a tsakanin unguwanni, da duwatsu masu santsi a bakinsu. Wani bincike na 2012 a Amurka kan yara fiye da 1,200 ya nuna kusan rabin masu otizim sun taɓa sulalewa daga inda ake kula da su, kuma nutsewa a ruwa na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Mutanen gidan ba su san wannan lissafi ba, amma ba wanda ya nufi wani wuri sai tafki.

A daren ne uwar ta fita ba mayafi, tana bin lungu tana ƙwala kiran sunansa na yanka, sunan surukinta, a gaban kowa. Matan unguwa har yau suna ba da labarin. Bai amsa ba. Yana bayan wani dutse, taku kaɗan daga ruwa, ya ji ta sarai, amma ba a taɓa kiran sa da wannan suna ba. Ƙarar babur ɗin baffansa ce ta fito da shi.

Uban ya ɗaure masa ƙafa da igiya a turken ɗakin kakar, mako biyu. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya ci shi, ya kuma gaya mini da bakinsa cewa ba ya son tuna wannan. Kakar ce ta kwance igiyar, ta kuma kawo dabarar da ake bi har yau. Ta je fadar samarin bakin layi, inda ƴan kabu-kabu ke shan shayi, ta ce, "Ƴaƴana, ga maigidana, amana." Aka yanka masa hanya guda da zai riƙa bi kullum bayan la'asar, daga gida zuwa masallaci, zuwa bencin mai rediyo, ya dawo ta gaban fada. In an kusa biki a gaya masa tun da kwana uku, a kai shi gidan goggonsa. Bai sake ɓata ba. Sai dai ƴan fadar nan da ke tare masa yara masu jifa, su ne kuma suka ɗauke shi a waya yana sanarwar rasuwa suka watsa a WhatsApp, da sunan ɗaya daga cikinsu a matsayin mamacin. Da na yi musu magana suka ce ai nasu ne, wasa ne. Sun yi imani da hakan, kuma ba ƙarya suke ba gaba ɗaya.

Bakin famfo

Garin nan a kan dutse yake zaune, ƙishirwarsa kuma ta girmi kowa a cikinmu. Tana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Daga nesa ake turo ruwan, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma da bazara akwai unguwannin da sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo. Don haka kowa na kai jarkarsa, wadda mu nan muke ce wa bido, ya ajiye a layi ya tafi. Rigimar bakin famfo kuwa kullum ɗaya ce: wa ya riga wa.

Yana da shekara goma sha biyar ya fara zama a wurin, ba wanda ya sa shi. Jarkokin duk ruwan ɗorawa ne, amma shi ya san kowace, da tabonta, da igiyar murfinta, da gidan da ta fito, da wadda ta riga ta zuwa. In an tsallake layi sai ya tashi ya mai da ita inda take, ba ya ko kallon mai ita. Wata hajiya mai faɗa a ji ta taɓa sa yaranta su kai nata gaba. Ya mayar. Aka sake kaiwa, ya sake mayarwa. Ta wanke shi da mari. Matan layin suka taso mata gaba ɗaya, har da faccalar da aka taɓa zargi da yi masa sammu. Tun ranar in gardama ta tashi sai a ce, "A tambayi Baba." Abin da na yi masa bulala a kai, shi ne yau ake kiran sa ya raba gardama da shi.

Ba na so in ƙawata abin fiye da yadda yake. Mai famfon na ba shi dala ashirin, wato sefa ɗari, wata rana dala goma, wata rana ya manta, shi kuwa ba ya tambaya. Bai iya canji ba, ƙanwarsa ke riƙe masa kuɗin a gwangwani. Ranar da ruwa bai zo ba sam, yakan kasa cin abinci, ya yi ta kai da komo yana cizon bayan hannunsa, wurin har ya yi kanta. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, ta kuma yi doka a kansu a 2019, amma a gidan nan a bakina suka fara jin labarin. Uwar ta taɓa tambayata ko akwai wasu mata irinta. Na ba ta labarin Zemi Yenus, wata uwa a Habasha da ta buɗe wa irin ɗanta makaranta a Adis Ababa a 2002. Ta ce ita ba makaranta take nema ba, wadda za su zauna su yi maganar take so. Ta samu guda ɗaya a wurin karɓar maganin farfaɗiya, mai ƴa mace ƴar shekara goma sha huɗu, wadda kowa ke yabo da shiru-shiru da kunya, har an fara tambayar aurenta.

Abin da shi ya ce

Na yi wata biyu ina yi masa tambaya irin ta aji, fuska da fuska, ban samu komai ba sai "sai mun haɗu a shiri na gaba". Ƙanwarsa ce ta ce, "Madam, ki zauna gefensa, kada ki kalle shi, kuma kada ki ce yaya kake ji. Ki ce wannan ko wannan." Haka na koma bin sa hanyar la'asar. Famfo ko makaranta? Famfo. Biki ko likita? Likita. Dare ko rana? Dare, "ba mutane". Na ce me yake so mutane su riƙa yi masa. Ya yi shiru har muka wuce masallaci, sannan ya ce, da muryarsa ta kansa, wadda ban cika ji ba, "A gaya mini tun da wuri."

Wata rana na tambaye shi ko ya tuna lakwal. Ya lissafo mini sunayen yara goma sha tara bisa jerin takalmansu. Sannan ya ce, "Madam ta buge ni sau huɗu." Ba fushi a muryar, kamar yana faɗin jarka ta nawa ce a layi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Sau huɗu."

Kakar ta tsufa, ba ta fita ko ƙofar gida. Uban na so a haɗa shi da wata ƴar dangi a ƙauye, don ya samu mai kula da shi. Uwar ta ƙi, ta ce ba za ta ɗora wa ƴar wani abin da ba a tambaye ta ba, shi ma kuma ba a tambaye shi ba. Maganar na nan a rataye. Wadda aka yanke ita ce ta ƙanwar: an sa ranar aurenta bayan babbar salla, Mirya za a kai ta, kilomita goma sha takwas daga nan. Ita ta ce a gaya masa tun yanzu. Kowace safiya takan ce, "Yaya, saura kwana kaza in tafi, ranar Alhamis zan riƙa zuwa." Shi kuma ya ɗauki gawayi ya ja layi ɗaya a bangon ɗakin kakar. Ta fara koya wa uwar ma'anar maganganunsa na aro, ɗaya bayan ɗaya, uwar na rubutawa da ajami a bayan tsohon katin awonsa. Ranar da na je ƙarshe sun kai ta talatin da ɗaya, gwangwanin kuɗin kuma ba a riga an yanke wanda zai karɓa ba.